Ɗan Lemo a Rigar Mato

Ranar alhamis ce, cikin bazarar shekarar da aka ce Gwamna ya tashi daga Damagaram ya koma Yamai. Barmo mai bin sawu ya shigo Garin Jika da la'asar, janye da wata raƙuma da ya kwana biyu yana nema a dajin Gangara. Sai ya tarar da gari kaf a ƙofar Maigari, ga mutum ɗaure a gindin aduwa.

Mato ne aka ɗaure, mai haƙar rijiya, baƙo daga wajen Tarka, wanda ya yi wata huɗu yana haƙa wa garin sabuwar rijiya. Daga shi sai walki, laka har gira, hannuwa a baya.

Shi Barmo, Allah ya yi shi mutum ne da ba ya iya zama. Ko tuwo yake ci, ƙafarsa ɗaya tana rawa. Ya jefa wa mai raƙumar akalarta, bai ko tsaya karɓar godiya ba, ya kutsa cikin mutane.

"Maigari, lafiya? Me ya yi?"

Mutum goma suka amsa masa a tare, sai da Maigari ya ɗaga sanda.

Ga yadda abin yake. Jiya laraba Yahuza falke ya iso daga Damagaram. A cikin jakarsa ta fata akwai mundayen azurfa huɗu na tsohuwa Tabawa, gadon uwarta, waɗanda ta ba shi ya kai wa maƙeri a gyara. Akwai kuma wata 'yar kwalbar turare da ya samo a kantin Nasara, mai ƙamshin ɓawon lemun tsami. Don son a sani, Yahuza ya buɗe ta a dandali yana dangwala wa mutane a bayan hannu, nan take aka laƙaba wa turaren suna ɗan lemo. Yau da asuba ya tafi masallaci, ya dawo babu jaka. Aka yini ana kallon juna ta gefen ido. Bayan azahar sai Lawali, wanda ke ja wa Mato igiya, ya ji ƙamshi yana tashi daga rigar Mato da ke rataye a bakin rijiya. Ya yi kururuwa, aka jawo Mato daga ƙasa, aka ɗaure.

Maigari ya ce, "Da asuba ya ɗauka, kwalbar ta zube masa a riga. Me ya rage kuma?"

Can gefe gardi biyu, dogaran Nasara, suna kishingiɗe a tabarma suna cin goro. Kan hanyarsu ta zuwa Tanut suka sauka, gobe in rana ta yi sanyi za su wuce, kuma sun riga sun ce za su tafi da Mato gaban Kumandan, Baturen mulki. Kowa ya san abin da ke bayan wannan: kaso, sannan aikin dole, inda wanda aka kai ba kasafai yake dawowa da ƙafarsa ba.

Barmo ya ɗauki rigar ya kai hanci. Abin ya buge shi har cikin ido, kamar an matse masa ɗanyen ɓawo a fuska. Ya yi atishawa uku, mutane suka ce, "Ka ji ko? Ka ji da kanka!"

Ya tsuguna gaban Mato.

"Ɗana, dube ni. Ina kake da asuba?"

"A bukkata, Baba."

"Wa ya gan ka?"

"Jakina."

Wani ya yi dariya. Mato bai yi ba.

"Da hantsi na tuɓe riga na rataye, na sauka. Gaba goma sha tara nake a ƙasa, Baba. Ban ƙara ganin rana ba sai da suka jawo ni kamar guga. Ni ko turaren ban gani ba. Jiya da ake rabonsa ina cikin rami."

Barmo ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara.

"Maigari, ka ba ni zuwa gobe."

"Gardi ne za su ba ka, ba ni ba. La'asar suka ce."

*

Barmo ya nufi masaukin Yahuza da sauri, yana fatan ya riga rana. A banza. Tun safe gari kaf ya zo jaje, bayan mutane awaki sun bi, bayan awaki kaji. Barmo ya tsaya a ƙofar bukkar yana kallon ƙasa kamar wanda aka yi wa ɓarna a gona.

"Ko kasuwa aka ci a nan, iyakar ta kenan. Ba wanda ya ce a kewaye wurin?"

Yahuza ya ce, "Hankalina ba ya jikina, Baba Barmo."

"Na ga alama. To faɗa mini, tun da ka iso jiya, me ya hana ka miƙa wa tsohuwa kayanta?"

"Ita ta ƙi! A dandali na ce ga amanarki, ta ce ita ba ta shigar da ƙarfe ɗakinta ranar laraba, in bari sai alhamis. Da ƙarfi ta faɗa, kowa ya ji."

"Kowa ya ji a jakarka za su kwana kenan."

"Kowa."

Barmo ya zaga bukkar sau ɗaya, ya dawo, ya ƙura masa ido.

"Yahuza, mundayen nan sun baro Damagaram kuwa?"

Falke ya zabura har hularsa ta faɗi.

"Subhanallahi! Ni? Shekara ashirin ina ɗaukar amanar garin nan! Tambayi Maigari, da hannunsa ya juya su jiya, har ya ce maƙerin ya iya goge."

Barmo ya tambaya kuwa, Maigari ya ce haka ne. Wannan ƙofa ta rufe.

Kafin magariba Barmo ya sami jakar. A burtalin shanu take, an cusa ta cikin wata magarya, babu mundaye, babu kwalba. Wanda ya kawo ta ya san abin da yake yi, don gaban garke ya bi ya bar shanu suka shafe masa sawu. Kuma burtalin nan, ta bayan bukkar Mato ya wuce. Da ya kawo jakar ƙofar Maigari, sai mutane suka ce, to, ai shi kenan, mai bin sawu ma ya tabbatar. Mato ya ɗaga kai ya dube shi, ya sunkuyar. Barmo ya ji kamar shi ya ƙara masa ƙulli a igiya.

*

Gari na wayewa Barmo yana ƙofar Lawali.

"Jiya da azahar ina ka je ka bar mutum a ƙasa?"

"Salla, Baba. Shi Mato ya fi son ya huta a can, ya ce ƙasa ta fi sanyi."

"Salla a ina?"

"A masallaci mana."

Barmo ya yi tsaki.

"Lawali, tun kana rarrafe na san sawunka. Ɗan yatsanka na hagu waje yake kallo. Daga rijiya gabas ka yi, masallaci kuwa yamma yake. Ka je da sauri, ka dawo da nauyi kamar wanda ya ƙoshi."

Lawali ya fara sosa ƙeya. Ya dubi danga, ko matarsa na kusa, ya rage murya.

"Wajen Fatu na je. Fura take dama mini. Baba, don Allah..."

"Fatu bazawara? Har yaushe?"

"Ban daɗe ba."

"Har yaushe, na ce?"

"Inuwa ta ɗan karkata."

"Ta ɗan karkata! Wato da rami ya rufta, da sai dai ka zo ka yi masa addu'a da fura a gemu."

Barmo ya je wajen Fatu, ta rufe fuska da gyale tana dariya, ta ce ƙwarai, ƙwarya biyu ya sha. Lawali dai maƙaryaci ne, amma ƙaryarsa ta fura ce. Abin da Barmo ya samu kawai shi ne, jiya da tsakar rana bakin rijiyar nan ya daɗe babu kowa.

Daga nan ya biya ta tsohuwar rijiya, don nan ne idon gari yake, duk mai wucewa sai an gan shi. Idrisa na tsaye a bakinta da sandarsa. Kakansa ne ya haƙa ta, shi ya sa har yau shi ke faɗin garken da zai fara sha da wanda zai jira, makiyaya kuwa tun daga nesa suke sauke sanda su gaishe shi. Dattijo ne mai sanyin magana. Ya sa aka ɗebo wa Barmo ruwa.

"Sannu da wahala, Malam Barmo. Kana ta kai da kawowa tun jiya."

"Ina fa hutu. Ka ga wani ya nufi sabuwar rijiya jiya da rana?"

"Wa zai fita cikin wannan zafi? Ni dai ina nan. Abin tausayi ne, wallahi. Amma ka san baƙo, ba ka san gidan da ya fito ba."

Barmo ya sha ruwan, ya yi godiya, ya wuce. Rana ta ɗaga sosai. Ya duba wajen ƙofar Maigari, ya hango gardi ɗaya yana duba kofaton dokinsa.

*

Bai yi niyyar shiga gidan Tabawa ba, ƙafarsa ce ta kai shi. Taubashiyarsa ce, 'yar gwaggonsa, kuma tun suna yara ba su taɓa haɗuwa ba tare da sun tsokani juna ba. Ita ke haɗa wa matan garin humra da turaren wuta. Ya tarar da ita zaune tana dakan kajiji, idanu a kumbure.

"A'a, ga bawana ya zo. Ka samo mini mundayena, ko yawon ka kake kamar kazar da za ta yi ƙwai?"

"Ke kika jawo, da camfinki na laraba."

"Ka bar larabata. Zauna."

"Ba zan iya ba."

"To tsaya, ka tsare mini rana."

Ya tsaya, yana sauya ƙafa. Ya ba ta labari duka, har ya zo kan rigar.

"Kin san ban taɓa jin abu mai ƙarfi haka ba. Sai da na yi atishawa, ido na hawaye."

Taɓaryar ta tsaya a sama.

"Yaushe ka shinshina?"

"Da la'asar, da na shigo."

"La'asar. Kuma ya yi maka yaji a ido? Ɗanyen lemo ka ji, ko wani abu mai laushi kamar tsohon itace?"

"Ɗanye shar."

Ta ajiye taɓarya.

"Kuma suka ce da asuba ya zube masa?"

"Haka suka ce."

"Kai, maza! Kun taru kuna shinshina riga kamar awaki, ba wanda ya ce a kira mai sana'ar. Ni ko rigar ba a nuna mini ba, wai in zauna gida in yi haƙuri." Ta shiga ɗaki ta fito da wani zane. "Shinshina nan, bakin nan."

"Ba komai. Hayaƙi."

"To shekaranjiya da Yahuza ya dangwala mini, a nan na goge kaɗan, don in ga ƙarfinsa. Na hannuna kafin a kira magariba ya tafi. Na zane bai kai lisha ba. Wannan turare ba ya zama, Barmo, irinka ne. Ƙamshin lemo duk haka yake, shi ke fara yin sallama, shi ke fara tafiya. Rigar da aka jiƙa da asuba, ta yini a rataye cikin ranar bazara da iskar nan mai zafi, wallahi da la'asar ba za ta sa ko jariri atishawa ba. Wadda ka shinshina, ba ta fi tsakanin azahar da la'asar da shan turaren ba."

Barmo ya daina rawar ƙafa.

"Lokacin Mato na ƙasa."

"Kai ka sani, ni ba na bin sawu."

"Amma in haka yake gudu, wanda ya zuba ma ya rabu da shi. Tun jiya ya wanke hannu."

"Hannu kam ya rabu." Ta jawo wani ɗan tandu daga ƙarƙashin gado, ta buɗe, ta miƙa masa. "Na kuma lakaci kaɗan na shafa a nan."

Man shanu ne a ciki. Ya kai hanci, bai ji komai ba sai mai. Ta karɓe, ta ajiye tandun a rana, ta ce ya ƙirga awakin maƙwabta in ya rasa abin yi. Jim kaɗan ta sake miƙa masa. Man ya narke, ga ɗan lemo ya taso a hankali, ba yaji, amma shi ne, ba shakka.

"Mai ne ke riƙe shi. In ya shiga mai, sai ya kwanta ya yi barci, zafi ya tashe shi. Da me kake tsammani muke kama ƙamshi a humra, da igiya?"

Kafin ta rufe tandun ya kai ƙofa.

"Ko na gode babu, ɗan banza?"

"Ki sa gyalenki ki jira kira!"

*

Bakin sabuwar rijiya an kewaye shi da ƙaya saboda dabbobi. Sandar da Mato ke rataye riga tana can kusurwa, an kafa ta cikin tulin lakar da aka fito da ita daga ƙasa. Lakar ta bushe ta yi tauri kamar dutse. Jiya ma Barmo ya dube ta ya wuce, don irin wannan wuri ko raƙumi ya taka ba ya barin sawu.

Yau sai ya kwanta rub da ciki, ya kara kunci da ƙasa, ya kalli lakar ta gefe yadda haske ke kwanciya a kanta.

Ga su nan. 'Yan ɗigo-ɗigo, ƙanana kamar ƙwayar gero, sun ɗan fi lakar duhu. Wanda ya zazzaga kwalba a kan riga da gaggawa, dole wani ya tsiyaye ƙasa. Ɗigon ya watsu ko'ina a gindin sandar, sai wuri ɗaya da babu ko ɗaya. Barmo ya bi gefen wurin da tsinke, a hankali, yana riƙe numfashi. Da ya gama, sai ga siffar gaban takalmi, mai faɗi irin na Abzin, ƙafar dama.

Ɗigon da ya kamata ya faɗi a nan, a kan takalmi ya faɗi. Kuma a ƙasar nan ta Damargu, cikin bazara, wane namiji ne ba ya shafa wa takalminsa man shanu don kada fata ta tsage?

Ya tashi bai ko kakkaɓe riga ba.

*

Rana na tsaka aka taru a ƙofar Maigari. Gardi ba su jira la'asar ba, sun riga sun ɗaura sirdi. Babbansu ya ce, "Tsoho, in kana da magana ka yi. Kumandan ba ya jiran mai bin sawun awaki."

"Yanzu, mazan bariki. Sawu na samu, zan gwada takalma."

Ya ce Yahuza ya tuɓe nasa, da Lawali. Ya ce wa Maigari, don kada a ce an zaɓi wasu, shi ma ya taimaka. Maigari ya yi gunaguni ya tuɓe. Da Maigari ya tuɓe kuwa, sai dattawan da ke zaune tare da shi duka suka bi, har da Idrisa, wanda ya miƙo nasa yana murmushi, ya ce, "Ga su, Malam Barmo, Allah ya ba da sa'a." Ya san busasshiyar laka ba ta riƙe sawu.

Barmo ya ware na dama kawai, guda tara, ya jera su a kan wani faffaɗan dutse a tsakiyar rana. Sannan bai gwada komai ba. Ya koma yana zagaya dutsen, hannu a baya.

"Me muke jira?" in ji Maigari.

"Su yi zafi."

"Gasa su za ka yi mu ci?"

Aka yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Dattawa na ɗaga ƙafa ɗaya su sauke ɗaya, ƙasa na ƙuna. Fatar takalman ta fara sheƙi, man da ta sha yana fitowa. Barmo ya zaga, ya sake zagawa. A ransa yana cewa, in ɗigon bai isa ba fa? In mutumin ya sauya takalmi? Ya dubi Mato, ya ga leɓɓansa sun tsage, ya kau da kai.

Sai ya aika aka kira Tabawa.

Ta zo tana taku ɗaiɗai, ta tsuguna gaban dutsen, ta ɗauki na farko.

"Wannan fitsarin raƙumi ne da hanyar Damagaram. Yahuza, ka ji tsoron Allah ka wanke ƙafa." Ta ɗauki na biyu. "Wannan ko mai bai gani ba tun kaka. Lawali, matarka fushi take da kai?" Na uku ta riƙe shi nesa da fuska. "Na Maigari ne, ba zan ce komai ba, ina son zaman garin nan."

Har gardi suka yi dariya. Ta bi na huɗu, na biyar, na shida. A na bakwai ta tsaya. Ta sake kai shi hanci, ta lumshe ido. Ba ta yi wasa ba wannan karon. Ta miƙa wa Maigari da hannu biyu.

Maigari ya shinshina. Ya miƙa wa babban gardi, shi ma ya shinshina, ya ce, "Lemo."

"Na wa ne?" in ji Barmo, ko da yake ya sani.

Idanu duka suka tafi wuri ɗaya.

Idrisa ya gyara murya. "Ai shekaranjiya kowa an shafa masa. Wataƙila hannuna ne ya taɓa."

Yahuza ya yi tsalle. "Kai? Kai da na miƙo maka ka janye hannu, ka ce ba ka shafa ruwan Nasara ka yi salla da shi? Gaban mutanen nan ka faɗa!"

Barmo ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya faɗa musu abin da Tabawa ta koya masa, cewa ɗan lemo ba ya yini a tufa, don haka da tsakar rana aka jiƙa rigar, lokacin da mai ita ke gaba goma sha tara a ƙasa, mai tsaronsa kuma yana wani wuri da shi Barmo ba zai faɗa ba. Lawali ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce duk mai shakka ya biyo shi bakin rijiya, a ɗora takalmin nan a kan zanen da ya yi, a ga ko zai bar ko ɗigo ɗaya a waje.

Ba a je ba. Idrisa ya zauna a ƙasa, cikin ranar.

"Ba azurfarki nake so ba, Tabawa. Suna cikin tsohuwar guga, a rataye bayan itacen bakin rijiyata, da kwalbar. Ko ƙura ba ta taɓa su ba." Ya dubi Maigari. "Kakana ya mutu da ƙasa a ƙirji saboda rijiyar nan. Shekara sittin garin nan na sha a hannunmu. Ranar da ta wancan ta kawo ruwa, wa zai ƙara sauke sanda ya gaishe ni? So nake kawai a tafi da shi, ramin ya rufta da kansa in damina ta zo."

Aka aika, aka zo da gugar. Mundaye huɗu cif.

Babban gardi ya miƙe yana kaɗa igiya. "To, mu dai an ce akwai ɓarawo. Wannan ko wancan, duk ɗaya ne wajen Kumandan."

Nan fa gari ya rikice. Dattawa suka kewaye gardi, wannan na cewa a rufa asiri, wancan na cewa tsoho ne, ba zai kai Tanut da rai ba. Limami ya ce shaiɗan ne. Mata suka fara kuka ta bayan danga. Maigari da kansa ya cire hula ya ce maganar gida ce, a bari a gama ta a gida, tun da mai kaya ta ga kayanta. Aka yi ta roƙo, aka kawo rago, aka kawo kaji, har gardi suka haƙura suka hau dawakinsu.

Duk wannan abin da ake yi, Mato na ɗaure a gindin aduwa. Ba wanda ya tuna. Barmo ne ya juya ya gan shi, ya zaro wuƙa ya yanke igiyar.

Mato ya daɗe yana murza wuyan hannunsa. Yana kallon mutanen da suka kewaye Idrisa suna ba shi ruwa, suna yi masa fifita.

Can Maigari ya ƙaraso, hula a hannu.

"Mato, ka yi haƙuri. Kuskure ne, kowa na yi. Allah ya wanke ka. Gobe sai a koma aiki ko? An ce ruwa ya kusa."

"Gaba uku ya rage."

"Madalla! To ka ga."

"Maigari, jiya da za a tafi da ni, wa ya cire hula?"

Maigari ya dubi ƙasa yana murza hularsa. Barmo ma ƙasa ya duba, shi da ƙasa ba ta taɓa ba shi kunya ba.

Mato ya ce, "Na yi alkawarin ruwa, zan kai muku ruwa. Amma ba zan sha ba."

Haka kuwa aka yi. Kwana goma sha shida ya ƙara a ƙasa. Ranar da ruwa ya ɓullo, gari ya ɗauki guɗa, aka jawo guga ta fari, ruwa fari tas, mai sanyi, aka miƙa masa a sabuwar ƙwarya kamar yadda ake yi wa kowane mahaƙi. Ya karɓa da hannu biyu, ya miƙa wa Barmo. Sannan ya ɗaura wa jakinsa kaya, ya kama hanyar Tarka da ƙishirwarsa, tun rana ba ta yi sanyi ba.